Dada ta ɗaura wa jikanta agogon da aka sayo don gwiwarta

Wasiƙar wannan makon daga Gombe ta zo. Na ɗan rage mata tsawo.

"Assalamu alaikum Anti. Daga Jekadafari nake rubuto miki. Mahaifiyarmu, Dada, shekarunta 67. Yau mako bakwai ke nan da aka yi mata aikin canjin gwiwar dama a Kano, bayan ta daɗe tana fama da ciwon. Hammanmu, ɗanta na fari, yana aiki a Ingila, shi ya biya kuɗin aikin. Ya aiko da wasu 'yan na'urori biyu masu maɗauri, ɗaya a cinya ɗaya a ƙwauri, da agogon hannu mai ƙirga taku. Duk abin da suka auna yana gani a wayarsa daga can. Kullum da dare sai ya kira: me ya sa yau taku 900 kawai, alhali 10,000 ake so? Dada ba ta ce masa uffan, sai ta miƙo mini wayar. Ta ce an rataya mata ƙararrawa kamar tunkiya. Makon jiya lissafin ya tashi har 14,000, Hamma har da sadaka don murna. Ashe jikanta ɗan shekara tara take ɗaura wa agogon in zai tafi ƙwallo. Da ya gano, ni ya wanke tas, wai ba na kula da ita. Na'urorin ƙafar kuwa ta ce ba za ta ƙara sawa ba. Ranar ƙarshe da ta sa, manhajar ta nuna lanƙwasar gwiwa digiri 82, ban san ko da kyau ba ne. In an tambaye ta sai ta ce ta warke, amma ina ganin tana ɗingishi, kuma da ƙyar take tashi daga kujera. Burinta ta yi Umra da ƙafarta. Ni ce a tsakiya. In matsa mata ne, ko in ce wa Hamma ya haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Dada lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki yi mini afuwa, sai da na dara da na iso wurin yaron nan da ƙwallonsa. Tsohuwar da ta iya ƙulla wannan dabara, kanta dai garau yake, saura gwiwa.

Dariyar ta tsaya ne da na ga 82. A duk lambobin da ke cikin wasiƙarki ita ce mai nauyi, kuma ita ce gidanku ya tsallake ba wanda ya waiwaya. Ana ta rigima a kan 900 da 10,000, an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fassara miki ita. In ƙafa ta miƙe sambal, gwiwa tana kan sifiri. In mutum ya zauna a kujera tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa, tana wajen digiri 90. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ba ta cin fiye da kamar 60, shi ya sa Dada ke iya zagaya tsakar gida kowa ya ce ai ta samu sauƙi. Tashi daga kujera da hawa ko saukar bene kuwa suna neman 90 ko sama da haka, kin ga dalilin da take shan wuyar miƙewa. Abin da likitocin ƙashi suka saba nema bayan wannan aiki shi ne a kai 90 tun cikin makonnin farko, a doshi 110 zuwa 120 kafin wata uku. Ba don son lamba suke gaggawar ba. Inda aka yi yanka, jiki yana saƙa naman tabo daga ciki, kuma kowane mako yana ƙara tauri. In gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, akwai abin da likita kan yi: a sa majinyaci barci, a tanƙwara ƙafar da hannu har tabon ya saki, ba tare da sabon yanka ba. Wannan ya fi yin amfani a cikin wata ukun farko. Kuna mako na bakwai. Ki lissafa abin da ya rage da kanki.

Yana yiwuwa na'urar ce ta yi kuskure. In maɗaurin ya zame, ko an ɗaura shi a kan zane, ko ba a sa ta tsaya cak an saita shi kafin a fara ba, lambar kan kauce. Maganin shakka yana nan kusa da ku. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe akwai sashen gashi, wato inda ake motsa gaɓoɓin majinyata don su koma aiki, kuma kowane likitan gashi yana da wani ma'aunin kusurwa na roba, kamar wanda yara ke da shi a akwatin lissafi amma mai hannuwa biyu. Minti biyu sun isa a san gaskiya. Ki kai ta a wannan makon, kada ki jira ranar komawa Kano. A duba lanƙwasa, a duba miƙewa, domin gwiwar da ba ta miƙewa sosai ita ma ɗingishi take haifarwa, kuma yawanci matashin da muke cusa wa majinyaci a ƙarƙashin gwiwa don tausayi yana cikin masu jawo haka. Duk lambar da aka samu, a kira likitan da ya yi aikin a faɗa masa. Ni ba likitarta ba ce, hukunci nasa ne, amma ba zai yanke a kan abin da bai ji ba.

Kafin in wuce: zazzaɓi, ko wurin ɗinkin ya yi ja yana zafi yana fitar da ruwa ko mugunya, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya da ciwon ƙirji, waɗannan asibiti ne a take, ko da tsakar dare. Na'urar Hamma ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu.

Yanzu ga na'urorin. Ba sihiri a cikinsu, irin abin da ke cikin wayarki ne, wanda ke juya hoto in kin kwantar da ita. Kowace tana ɗauke da ma'auni mai jin fizgar motsi gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa, da wani mai jin juyawa. Suna ɗaukar awo sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, galibi 50 zuwa 100. Ta cinya ta san karkatar cinya, ta ƙwauri ta san karkatar ƙwauri, manhaja ta cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne kusurwar gwiwa. Daga bugun dugadugi a ƙasa kuma ake gane tsawon taku, da saurin tafiya, da tsawon lokacin da kowace ƙafa ke ɗauke da jiki. A da sai an je ɗakin bincike mai kyamarori da yawa ake samun irin wannan awo. Abin ya yi nisa har a 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata gwiwar roba da aka dasa ma'aunin a cikinta. To, kayan da Hamma ya aiko ba na wasa ba ne. Hannun da aka damƙa wa lissafin ne ba daidai ba.

Agogon kuwa, shi ne mafi rauni a cikin ukun, kuma shi aka naɗa alƙali. Lilon hannu yake ji, ba ƙafa ba. Mai riƙe da ƙarfen dogarawa hannunta a kafe yake, za ta iya zuwa zaure ta dawo sau uku agogo bai san an yi ba. Tafiyar sannu ma yakan kasa ƙirga ta daidai. Amma ta zauna a inuwa tana fifita da mafici a zafin Gombe, ko a sa ta a Keke a bi hanya mai gargada, sai ki ga taku na hauhawa. Ita kanta 10,000 ɗin ba daga asibiti ta samo asali ba. A 1965 wani kamfanin Japan ya fito da na'urar ƙirga taku ya raɗa mata suna mai ma'anar ma'aunin taku dubu goma, talla ta bi duniya. Ko ga mai lafiya ba farilla ba ce, balle tsohuwar da aka gyara wa bakin ƙashi aka sa ƙarfe da roba mako bakwai da suka wuce. Akwai ma abin da ya fi wannan: yawan tafiya fiye da ƙima a wannan lokaci kumburi yake kawowa, kumburi kuma yana hana lanƙwasa, yana kashe ƙarfin naman gaban cinya, wanda dama yakan rasa fiye da rabin ƙarfinsa a watan farko bayan aiki. Da Dada ta bi umarnin Hamma sau da ƙafa, da 82 ɗin nan ta ƙara yin ƙasa.

Kada ki ɗauka ina goyon bayan a jefa kayan a durowa. Ga inda nake ganin amfaninsu, musamman ga irin su Dada. Kin san fulako. Matar da ta haihu ba a ji kukanta ba, ba za ta zauna gaban likita, yaro sa'an ɗanta, ta ce gwiwa na mata ciwo ba. Za ta ce alhamdu lillahi da sauƙi, ta cije ta taka masa taku goma masu kyau a ɗakin duba marasa lafiya, ta dawo gida ta kwana biyu tana jinya. Ba ita kaɗai ba ce. Masu bincike sun sha lura cewa a makonnin farko bayan aikin gwiwa, abin da majinyata ke faɗa da baki yakan fi abin da ƙafarsu ke iya yi kyau. Na'ura ba ta san kunya ba. Mai lafiya yakan bar kowace ƙafa a ƙasa kamar kashi 60 cikin 100 na zagayen taku, sauran 40 tana sama, dama da hagu kusan daidai. Mai tsoron ƙafar da aka yi wa aiki sai ya riƙa ɗauke ta da wuri yana jibga nauyi a kan ɗayar. Ciwo kan tafi, ɗabi'ar ta zauna wata da watanni, gwiwar hagu, wadda ita ma shekarunta 67, ta riƙa biyan bashin. Ke kin riga kin ga ɗingishin, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da ido ba ya iyawa shi ne ya ce na wannan mako ya fi na makon jiya ko bai fi ba. Wannan shi ne aikin na'urar: a gwada Dada ta yau da Dada ta makon jiya, a miƙa wa likitan gashi ya san motsa jikin da zai ƙara da wanda zai rage. Ga mutanen da likitansu ke Kano su suna Gombe, hakan na iya rage musu zirga-zirgar hanya. Kuma ba sai an wuni da su a jiki ba. Ki tambayi likitan gashi, zai yiwu lokacin motsa jiki da 'yar tafiya kaɗai ya ishe shi, a cire a ajiye.

Sai Hamma. Ban ga mugunta a lamarinsa ba. Mutum ne da uwarsa ta shiga ɗakin tiyata yana wata duniya, bai riƙe mata buta ko sau ɗaya ba, abin na cin sa. Lambar nan ita ce kaɗai jinyar da yake iya yi, shi ya sa ya ƙanƙame ta. Amma ya manta ko shi wane ne a wurinta. Ɗan fari ne. Na tabbata ko sunansa ba ta kamawa. Shekara da shekaru tana kawar da kai in an yi zancensa, yau kuma a ce shi ne ke zaune yana duba abin da cinyarta ta yi tun safe, yana tuhumarta da dare. Miƙo miki wayar da take yi amsa ce cikakkiya, shi ne bai ji ba. Ɗaura wa yaro agogo ma hanya ce ta cewa a ƙyale ni ba tare da ta buɗe baki ta yi musu da ɗanta ba. Kuma wa ya nemi izininta tun farko? An gaya mata abin da ake aunawa da wanda ke gani? Jikinta ne.

Ki kira shi lokacin da ba ya gaggawa, ba lokacin kiran dare ba. Ki fara da godiya, don ya cancanta. Sannan ki ba shi 82 ɗin da lissafin makonnin da suka rage. Mutumin da ke son lamba, ba shi lambar da ta dace, za ki ga ya saki waccan. Ki nemi abu biyu: manhajar ta dawo wayarki, ke da likitan gashi ku riƙa dubawa, shi kuma ki tura masa bayani sau ɗaya a mako, in ya kira Dada kuma, ya gaishe ta, ya tambayi jiki kamar yadda kowane ɗa ke yi, ya yi shiru. Kada ki bar shi hannu rabbana, zai koma ga agogo. Ki ba shi aikin da kuɗi ke iya yi daga nesa: kuɗin zuwa gashi a kai a kai, kujera mai tsayi mai hannuwa, gado maimakon katifar ƙasa, masai na zama in na tsuguno ne a gidan, ƙarfen kamawa a bangon banɗaki, takalmi mai rufi da ba ya santsi a madadin silifas. In ya ƙi ji daga bakinki don ke ƙanwa ce, ki sa likitan gashi ya yi masa magana, ko wani kawu da yake jin nauyinsa. Faɗan da ya yi miki bai kyauta ba, ke da ke tashi tsakar dare. Ki bari ƙura ta lafa ki gaya masa, sau ɗaya, ba a gaban Dada ba.

Ita kuwa Dada, tilas ba za ta yi ba, kin riga kin ga inda tilas ta kai ku. Ki ba ta haƙuri a madadin kowa. Kada ki ambaci maganar yaro da agogo, ta san kin sani. Ki shigo mata ta ƙofar da ta buɗe da kanta, wato Umra. Tsakanin Safa da Marwa kamar mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki. Akwai kujerun turawa a Harami kuma ba laifi a hau, amma ita ta ce da ƙafarta. To, wannan buri nata ne, ba na Ingila ba. Ki ce mata likita yana so ya san ko ƙafar na kan hanyar Safa da Marwa, kuma na'urorin ƙafar nan biyu su ne ma'auninsa, kamar yadda ake ɗaura na awon jini a dantse. Ke za ki ɗaura mata a ɗaki, ƙarƙashin zane ba mai gani, kuma babu namijin gidan da zai duba sakamakon. A fara da zuwa zaure, sai ƙofar maƙwabciya, sai makarantar Islamiyya, da sanyin safiya ko bayan la'asar. In sanda take riƙewa, a hannun hagu, tunda dama aka yi wa aiki. In akwai matakala, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai aikin ke fara sauka.

Akwai maganar da nake zargin tana cin ta a rai ba ta faɗa ba, ita ce salla. Da yawa daga iyayenmu suna yarda da aikin nan ne da fatan su koma sa goshi a ƙasa. Gara ta ji gaskiya daga bakin mai ƙaunarta. Zaman tahiya a kan ƙafa yana neman lanƙwasa wajen digiri 150, kuma mafi yawan gwiwoyin roba ba sa kaiwa can. Durƙuso wasu suna iyawa bayan watanni, wasu yana musu zafi har abada, likitanta ne zai ce yaushe za ta gwada. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya riga ya yi mata sauƙi: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. In akwai malamar da take girmamawa, ki sa ta zo gaisuwa su taɓa zancen. Wani lokaci wanda aka ce ya ƙi motsa jiki, ransa ne ya karye don abin da ya sa rai bai samu ba. Ki kuma gaya mata warkewar wannan aiki tana ci gaba har shekara guda, kuma wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Wahalar makonnin nan ba ta banza ba ce.

Wata 'yar gargaɗi a kan kalmar gashi, don takan ruɗe mu. Masu zuwa dubiya za su kawo shawarar tawul da tafasasshen ruwa, wani ya ce a kira maɗori ya murza. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ce. Kumburin bayan aiki sanyi yake so, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kamar minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage. Gashin asibiti yawancinsa motsi ne, kuma yana da ɗan zafi, don haka ki tambayi likita yadda za a daidaita shan maganin ciwo da lokacin motsa jikin.

In duk kin yi wannan ta ce ita fa ba za ta sa ba, ki ƙyale ta, ba a rasa komai ba muddin tana zuwa gashi. Akwai gwajin da asibitoci ke yi wanda kujera da agogon wayarki sun wadatar. Ki auna mita uku daga kujera ki ja layi da gawayi. Ta tashi, ta je layin, ta juyo, ta dawo ta zauna, kina gefenta kina duba lokaci. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa ga tsofaffi. A mako na bakwai kada ki firgita in ta wuce haka, ki dai rubuta a littafi kowace Juma'a, kujera ɗaya, takalmi ɗaya, ki ga ko lambar na sauka. Littafin za ki tafi da shi wurin likita.

Agogon kuma ki cire shi daga manhajar kafin ya sake sa Hamma yin sadaka. In Dada ta ce ta bar wa yaron, ki bar masa. Ki sake rubuto mini in an auna gwiwar, ina so in ji ko 82 ɗin gaskiya ce.